Tazarar layuka biyu a jirgin ƙasa na lambu: nazarin lamarin milimita 165 na LGB

A ƙasashen Jamus, Ingila da Amurka akwai mutane da dama da suke shimfiɗa ƙaramin layin dogo a bayan gidajensu, tsakanin furanni da duwatsu, su riƙa tafiyar da ƙananan jiragen ƙasa masu aiki da lantarki ko da tururi a kansa. Layin da aka fi amfani da shi a wannan sha'awa yana da faɗin milimita 45 tsakanin dogo da dogo, kuma kamfanin da ya yaɗa shi a gidajen jama'a shi ne Ernst Paul Lehmann na birnin Nuremberg, wanda ya fito da jiragensa masu suna LGB a shekarar 1968. Muddin layi ɗaya ne ya kewaye lambu, ba a cika samun wata matsala ba. Ciwon kai yakan fara ne ranar da mai lambu ya ga ya kamata ya ƙara layi na biyu a gefen na farko, domin jirage biyu su riƙa wuce juna, sai tambayar tazara ta taso. Amsar da aka fi saurin samu ita ce milimita 165, lambar da tsarin LGB da kansa yake bayarwa, kuma wannan nazari ya bi diddigin yadda lambar take gazawa a lambun da aka shigo da dogayen taragai irin na Amurka, da abin da ya kamata a sa a madadinta.

Ana auna tazarar ce daga tsakiyar layi ɗaya zuwa tsakiyar ɗayan. Masu farawa sukan auna filin da ke tsakanin dogayen da suke maƙwabtaka, ko tsakanin bakunan silifa, wato guntayen da ake shimfiɗawa a gicciye a ɗora dogo a kansu, sai su sami wata lamba dabam su ɗauka ita ake nufi. Tun da tsakiyar layi ba ta da wata alama da ido zai gani, hanya mafi sauƙi ita ce a ɗora ma'auni daga gefen hagu na dogon hagu a layi na farko zuwa gefen hagu na dogon hagu a layi na biyu, abin da aka samu daidai yake da tazarar tsakiya da tsakiya.

Inda lambar ta samo asali

Injin da LGB ya fara da shi ɗan ƙarami ne mai ƙafafu huɗu, wanda aka kwaikwayo daga wani injin tururi na ƙaramin layin garin Stainz a ƙasar Ostiriya, kuma har yau hotonsa ne a tambarin LGB. An ƙera shi tare da gajerun taragai masu tsawon kusan milimita 300, a ma'aunin 1:22.5, wato milimita 45 na lambu ya tsaya a matsayin layin gaske mai faɗin mita ɗaya. Kwanar farko da aka sayar, wadda ake kira R1, tana da radiyos na milimita 600, ma'ana nisan da ke tsakanin cibiyar da'ira da tsakiyar layi, kuma guntaye 12 masu digiri 30 kowanne suke haɗa cikakken zagaye. Kamfanin ya daɗe yana riƙe da ƙa'idar cewa duk abin da ya ƙera dole ya iya bin wannan matsattsiyar kwana, shi ya sa yakan rage tsawon taragansa ko da na ainihi dogaye ne.

Lambar 165 ba daga faɗin jirgi aka ciro ta ba, daga siffar mararraba ta fito, wato guntun layin da yake karkatar da jirgi daga wannan layi zuwa wancan. Mararrabar R1 tana barin miƙaƙƙen layi da kwanar digiri 30 a radiyos 600. Idan aka haɗa guda biyu baki da baki domin jirgi ya tsallaka daga layi zuwa layi, kowace tana ture shi gefe da milimita 80 da ɗoriya, jimilla kusan 161, wanda tsarin kamfanin ya daidaita a kimanin 165. Babbar mararraba ta R3, mai radiyos kusan 1195 da digiri 22.5, tana ba da kusan 182 ta irin wannan lissafi, wanda aka daidaita a kimanin 185. Saboda haka duk wanda ya sayi mararrabai biyu ya haɗa su yadda suka zo, to an riga an zaɓar masa tazara ko bai sani ba, kuma galibi yakan ci gaba da ita har cikin kwana, yana ganin abin da ya wadatar a miƙe zai wadatar ko'ina.

Ga ƙananan taragan farko kuwa ta wadatar ɗin. A kwana kusurwar tarago takan fita waje, tsakiyar jikinsa kuma ta shiga ciki. A ƙaddara tarago mai tsawon milimita 300, faɗin 110, da tazarar 160 tsakanin ƙafafun gaba da na baya. A kan R1 kusurwarsa ba ta fita waje fiye da milimita 13 ko 14, a kan kwana ta biyu ta R2 mai radiyos kusan 780 kuma cikinsa ba ya shiga ciki fiye da milimita 4. Idan aka haɗa waɗannan da faɗin taragon, abin da jirage biyu suke buƙata bai kai 130 ba, an bar sarari na fiye da santimita uku. Injiniyoyin Nuremberg ba su yi kuskure ba a kan kayan da suke ƙerawa a lokacin.

Abin da ya canza lissafin shi ne wasu kamfanoni sun shigo suna ƙera nasu jiragen domin wannan layi na milimita 45, kowa da ma'aunin da ya zaɓa. Masu kwaikwayon babban layi mai faɗin milimita 1435 suna amfani da 1:32, wanda shi ne lissafi na daidai. Kamfanonin Aristo-Craft da USA Trains na Amurka sun zaɓi 1:29 domin jiragen su ƙara cika ido a lambu, ko da yake hakan ya sa layin ya yi musu ɗan kaɗan. Masu sha'awar tsofaffin layukan duwatsun Kolorado masu faɗin ƙafa uku suna amfani da 1:20.3, ma'aunin da Bachmann ya yi fice da shi. Akwai kuma 1:24, wanda ya yi daidai da layi mai faɗin milimita 1067, irin tsohon layin da ya haɗa Legas da Kano. Dukkan waɗannan suna hawa dogo ɗaya, suna shan lantarki ɗaya, amma faɗinsu da tsawonsu sun sha bamban, kuma kundin kayan da mutum ya sayi layinsa daga ciki bai san da zuwansu ba.

Lambun da ake magana a kansa

Shimfiɗar da nazarin ya ɗauka ita ce wadda guntayen LGB suke kai mutum gare ta idan yana da madaidaicin fili: doguwar da'ira mai miƙaƙƙun ɓangarori biyu na mita 6 kowanne, da rabin zagaye na R3 a kowane ƙarshe, layin tagulla ne an ɗora shi a kan tsakuwa ba tare da an kafe shi ba. Faɗin da'irar daga tsakiya zuwa tsakiya milimita 2390 ne, filin da ake da shi tsakanin katanga da hanyar ƙafa kuma bai wuce mita 3.2 ba. Ana so a kewaye ta da layi na biyu ta waje, a kuma riƙa tafiyar da taragan fasinja na Amurka a ma'aunin 1:29 a kan layukan biyu.

Taragon fasinja na Amurka na zamanin manyan jiragen ƙarfe yana da tsawon ƙafa 85, faɗin kimanin ƙafa 10, kuma yana zaune a kan bogi biyu, wato ƙananan firamomi masu ɗauke da ƙafafu waɗanda kowanne yake juyawa a kan ƙusa guda a ƙarƙashin taragon. Tazarar ƙusoshin nan biyu ƙafa 59 da rabi ce a mafi yawansu. Idan aka rage komai da 29 ba tare da an datse tsawon ba, za a sami tarago mai tsawon milimita 893, faɗin 105, da tazarar bogi 625. A miƙaƙƙen layi babu abin damuwa, domin taragai biyu masu faɗin 105 a tazarar 165 suna wuce juna da sararin milimita 60.

A kwana ne al'amarin yake sauyawa. Layi yana lanƙwasa amma jikin tarago sandararre ne, wurare biyu kawai yake bin layin, wato inda ƙusoshin bogi suke. Duk abin da ke tsakanin ƙusoshin yana yanke kwanar ya faɗa ta ciki, abin da ya wuce su ta gaba da ta baya kuma yana fita ta waje, kamar yadda mai ɗauke da doguwar gora a kafaɗa yakan doki bango da bakinta idan zai sha kwana a lungu. Abin da ya sa lamarin ya yi muni a layuka biyu shi ne kaucewar biyu suna fuskantar juna: cikin taragon da ke layin waje yana matsowa ciki, kusurwar taragon da ke layin ciki kuma tana matsawa waje, sai su haɗu a filin da ke tsakani.

Lissafin ba mai wuya ba ne. Domin sanin yadda cikin tarago yake faɗawa, a ninka tazarar bogi da kanta, a raba da radiyos sau takwas. Domin sanin yadda kusurwa take fita, a ninka tsawon tarago da kansa, a cire abin da aka samu daga ninka tazarar bogi da kanta, a raba ragowar da radiyos sau takwas. A layin ciki mai radiyos 1195, kusurwar wannan tarago tana fita da milimita 43. A layin waje da aka ajiye a tazarar 165, wato radiyos 1360, cikin ɗan'uwansa yana faɗawa da milimita 36. Idan aka haɗa su da rabin faɗin kowane tarago, jimillar ta zama 184. Ke nan a tazarar 165 taragan suna neman shiga jikin juna da milimita 19, kuma ba goga kawai za su yi ba, ɗaya zai ture ɗaya daga kan dogo. A tazarar 185 ta babbar mararraba, lissafin ya ba da 183, saura milimita 2 kacal, abin da ko kaurin marfin kwalba bai kai ba.

Wannan lamba ta biyu ta fi ta farko haɗari. A 165 mai lambu zai gane matsalar tun gwajin farko, domin taragan ba za su wuce ba sam. A 185 kuwa za su wuce lafiya idan aka tura su da hannu a hankali, mutum ya gamsu ya zuba tsakuwa, ya dasa itatuwansa, ya gina gada, sannan wata rana jirage biyu su haɗu a daidai wurin da kusurwa ta yi arba da ciki. Tun da jiragen ba a wuri ɗaya suke haɗuwa a kowane zagaye ba, ana iya yin makonni ba a ga komai ba, kuma idan abin ya faru akan ɗora laifin a kan tsakuwa ko ganyen da ya faɗo a layi.

Tushen matsalar shi ne kwanonin lambu sun fi na gaskiya matsi nesa ba kusa ba. R3 a ma'aunin 1:29 daidai take da kwana mai radiyos mita 35, alhali manyan layukan da irin waɗannan taragai suke bi radiyos ɗinsu ɗaruruwan mitoci ne. Ko layin Bernina na ƙasar Siwizalan, wanda ya shahara da murɗe-murɗe a cikin duwatsu, mafi matsin kwanarsa mita 45 ce, wadda a ma'aunin LGB za ta zama mita 2 cif, kusa da R5 mai radiyos 2320, alhali R1 ba ta wuce mita 13 da rabi ba. Shi ya sa tazarar layukan gaske ba ta da amfani kai tsaye a nan. Mita 4 da ake bari a layukan Jamus za ta zama milimita 125 a 1:32, ƙafa 14 da aka saba gani a Amurka kuma za ta zama 147 a 1:29, kuma duka biyun suna aiki ne saboda kwanonin can masu faɗi ne.

Abin da fili yake ƙarawa

Duk lissafin da ya gabata ya ɗauka cewa layi a kwance yake daram kamar a kan tebur, abin da ba ya ɗorewa a waje. A ƙasashen da ake wannan sha'awa ƙasa takan daskare da hunturu ta kumbura, ta sake sauka idan ƙanƙara ta narke, ruwan sama yakan kwashe tsakuwa daga gefe ɗaya, saiwar itace takan ɗaga wani gefen. Saboda layin siriri ne, ƙaramin nutso yana zama babban jirkicewa a sama. Idan dogo ɗaya ya nutse da milimita 2 a faɗin 45, rufin tarago mai tsayin milimita 150 zai karkata da kusan milimita 7. Idan layukan biyu suka nutse ta gefen da suke fuskantar juna, wanda yakan faru idan ruwa yana kwanciya a tsakaninsu, an ci 14 ke nan. Ga kuma ɗan wasan da ƙafafu suke yi tsakanin dogo da dogo, da lilon da tarago yake yi a kan boginsa idan yana gudu.

Zafi ma yana da nasa rabon, ko da yake akan zuzuta shi fiye da kima. Tagulla tana miƙewa da kusan milimita 0.019 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya, kuma dogo da ke kwance a rana yakan fi iskar da ke kewaye da shi zafi sosai. Idan aka sami bambancin digiri 40 tsakanin sanyin safiya da tsakar rana, miƙaƙƙen ɓangare mai mita 6 zai ƙaru da kusan milimita 4 da rabi. In an ɗaure mahaɗan dogo da ƙananan maƙalai masu noti, kamar yadda da yawa suke yi domin lantarki ya riƙa wucewa sosai, ƙarin ba shi da inda zai tafi sai ya ture kwanonin waje da milimita biyu zuwa uku. Idan layukan biyu suna motsi tare babu laifi, tazarar tana nan yadda take. Ɓarnar tana zuwa ne idan ɗaya yana inuwar katanga ɗaya yana rana, ko an kafe na waje a kan gada an bar na ciki yana yawo a tsakuwa. Dogon alminiyom ya fi tagulla miƙewa, don haka mai amfani da shi sai ya ƙara lura.

Idan aka tara jirkicewa, wasan ƙafafu, lilo da motsin zafi, sararin da bai kai milimita 25 ba a kan abin da lissafi ya bayar ba abin dogaro ba ne a waje, kuma a ganin mai wannan rubutu 30 ya fi kwanciyar hankali. Ga lambun nan hakan yana nufin kimanin 215 a cikin kwana. A wannan tazara radiyos na waje ya zama 1410, cikin tarago yana faɗawa da 35, jimillar buƙata 183, saura 32. Lambar ta yi daidai da shawarar da ake yawan ji a bakin masu wannan sha'awa a Amurka, cewa a bar inci 8 zuwa 9 a kwana idan ana da dogayen taragai.

Hanyoyin da aka auna

Hanya mafi tsabta ita ce a buɗe kwanar gaba ɗaya. A kan R5 kusurwar taragon ba ta fita fiye da 22, cikinsa ba ya faɗawa fiye da 20, jimilla 147, don haka tazarar 185 za ta wadatar daga farkon layi har ƙarshensa ba tare da an taɓa komai ba. Amma da'irar R5 tana cin fiye da mita 4.6 kafin a ƙara layi na biyu, filin da wannan lambu ba shi da shi.

Hanya ta biyu ba ta cin ko sisi: a kafa doka cewa dogayen taragai layin waje kawai za su bi, a bar na ciki ga gajerun taragan Turai. Lissafi ya goyi bayanta, domin kusurwar gajeren tarago a R3 ba ta fita fiye da milimita 7, jimillar buƙata ta sauko kusan 150, kuma 185 ta ishe ta har da ragi. Rauninta shi ne ta dogara ga tunanin mutum. An gina mararraba ne domin jirgi ya sauya layi, kuma ranar da baƙi ko yara suka karɓi na'urar sarrafawa babu wanda zai tuna da dokar. Akwai kuma masu haɗe layukan biyu su zama ɗaya kafin kowace kwana su sake rabuwa bayanta, yadda ƙananan layukan duwatsu suke yi a zahiri, sai dai hakan ya kashe manufar farko ta barin jirage biyu suna zagaye ba tare da an tsaya a kansu ba.

Abin da ya rage, kuma shi ya fi dacewa da wannan lambu, shi ne a bar 185 a miƙaƙƙun ɓangarori inda mararrabai suke, a buɗe zuwa 215 a kwana. A nan ne wata matsalar ta daban take fitowa, domin babu wata kwana a kundin LGB da take tafiya kafaɗa da kafaɗa da R3. Daga 1195 sai 2320, tazarar fiye da mita ɗaya. Mai lambu yana da zaɓi biyu. Na farko shi ne ya yi layin waje da guntayen R3 su ma, ya ja farkon kwanar gaba kaɗan, ya cusa miƙaƙƙen guntu mai tsawon 370 a tsakiyar rabin zagayen. Wannan siffa tana da wani hali da ba a cika lura da shi ba. A tsakiyar kowane rubu'in zagaye tazarar tana buɗewa da kanta zuwa kusan 260, fiye da abin da ake buƙata, amma a ƙwanƙolin kwanar tana komawa daidai gwargwadon yadda aka ja ta gaba. Idan 185 aka ja, to 185 za a samu a can, kuma guntun 370 ya fi tazarar bogi gajarta, don haka taragon bai gama miƙewa ba yake sake shiga kwana, cikinsa yana nan a faɗe. Maganin shi ne a ja kwanar waje gaba da 215 ko fiye, wanda tsawon lambu yake ci ba faɗinsa ba, kuma tsawo ne ake da shi.

Zaɓi na biyu shi ne layi mai lanƙwasuwa, wanda ake sayen dogo dabam da silifa dabam, a murɗa dogon da ƙaramar na'ura mai nadi uku zuwa radiyos ɗin da ake so. Ya fi wahala amma ya fi kyau a ido, kuma yana ba da damar a shiga kwanar sannu a hankali maimakon a faɗa mata kai tsaye daga miƙaƙƙen layi. Wanda ya bi wannan hanya dole ya fara buɗe tazarar tun kafin kwana, da nisan da ya kai tsawon tarago ɗaya, wato kusan santimita 90. Dalili shi ne da zarar bogin gaba ya shiga kwana jikin taragon ya fara karkata, wutsiyarsa tana fita waje alhali tana kan miƙaƙƙen layi tukuna. Da wannan zaɓi faɗin layin waje ya zama 2820, idan aka ƙara tsawon silifa na kimanin 90 da kafaɗar tsakuwa ta kowane gefe, aikin zai tsaya kusa da mita 3.1, ya shiga filin da ƙyar. Gefen katanga yana buƙatar nasa awon, domin kusurwar taragon da ke layin waje tana fita da kusan 36 ta can.

In da mai lambu zai fi son tazara ɗaya ko'ina, mararrabai ba za su hana shi ba. Duk miƙaƙƙen guntun da aka sa tsakanin mararrabai biyu yana ƙara tazara da wani kaso na tsawonsa, kusan kashi 38 cikin ɗari a digiri 22.5, rabi cif a digiri 30. Guntun LGB mai milimita 75 tsakanin mararraban R3 zai ɗaga 185 zuwa kusan 214. Hakan yana ɗan sassauta murɗar da tarago yake yi lokacin tsallakawa, inda kan wannan yake karkata dama wutsiyar na gabansa tana karkata hagu, ƙugiyar da ta haɗa su tana ja a karkace. Kuɗin da ake biya shi ne kamanni, domin 215 a ma'aunin 1:29 ta haura mita 6, kuma a doguwar miƙaƙƙiyar hanya layukan sukan yi kama da hanyoyi biyu da ba su san juna ba. A tasha kuwa faɗin alheri ne, tun da yatsu suna buƙatar wurin shiga idan za a mayar da ƙafar da ta sauka, kuma mai injin tururi na gaske, wanda jikinsa yake ƙuna, ya fi kowa son sarari.

Lissafi yana nuna inda za a fara ne kawai, domin kamfanoni sukan datse tsawon tarago ko su matsar da bogi, kuma matakala, maƙallan hannu da garmar share ƙanƙara da ke gaban wasu injuna sukan fita fiye da jikin. Gwajin da ya fi inganci ana yin sa kafin a zuba tsakuwa ko guda. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashin kwanar, a manna fensir a tsaye a kusurwar taragon da ya fi kowanne tsawo, bakinsa yana taɓa kwalin, a tura shi a layin ciki daga miƙe har ya fita ta ɗaya gefen. Sannan a mayar da fensirin tsakiyar gefen taragon, a tura shi a layin waje. Za a ga zane biyu a kan kwalin, kuma wurin da suka fi kusantar juna, wanda sau da yawa ba inda ake zato ba ne, shi ne za a buɗe har a sami milimita 30. A maimaita da injin da ya fi kowanne faɗi, domin ɗakin direba da hancin injin tururi sukan fita fiye da kusurwar tarago. Bayan an tsayar da lambobin, a yanka katako biyu masu tsaga huɗu da za su hau kan dogayen, ɗaya na 185 ɗaya na 215, a ajiye su tare da ma'aunin lebur, domin duk bazara idan ƙasa ta gama motsi sai an sake bin layin da su.

Tazarar 215 tana da iyakarta. Injunan layin Denver and Rio Grande Western na duwatsun Kolorado, irin su K-27 da kamfanin Baldwin ya ƙera a 1903, firam ɗinsu a wajen ƙafafu yake, abin da ya sa suke da faɗi ƙwarai a kan siririn layinsu. Inji mai faɗin mita 3 a zahiri yana fitowa milimita 148 a ma'aunin 1:20.3, ya fi taragon Amurka da 43. Biyu irinsa a tazarar 165 sun bar milimita 17 kawai ko a miƙaƙƙen layi, a 185 sun bar 37, a kwanar R3 kuma ƙarin faɗin nan kaɗai ya cinye sararin 32 da aka tanada. Idan akwai niyyar sayen irin wannan inji nan gaba, kwanonin suna buƙatar 240 zuwa 250, bakin rami da gada su ma a buɗe su gwargwadon haka tun ana gini, kuma a fili mai mita 3.2 da ƙyar hakan zai yiwu idan ba a matsar da hanyar ƙafa ba.